Nasiha daban, sunan sana'a daban

Wani labari da na karanta ya nuna cewa jihohi da dama na Amurka ba sa neman lasisi daga limamai masu ba da shawara, muddin ba su kira kansu masana halayyar ɗan Adam ba, kuma wannan tsari ya yi mini daidai. A nan Yamai, wanda damuwa ta kama yakan fara zuwa wurin malami, babu kuma mai cewa a hana malamai nasiha. Abin tsoro shi ne wanda ya yi ɗan gajeren horo, ya kafa allo a ƙofar gida, yana karɓar kuɗin iyayen da ɗansu ya daina barci. Faransa ta kare sunan masanin halayyar ɗan Adam da doka tun 1985, ya kamata hukumominmu su duba hakan, ko don ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni da suka kwashe shekaru suna karatun.