Jerin da bai tsayawa ba shara ba ne

Akwai wata magana da ɗaliban lissafi ke shigowa da ita digiri na biyu, wai duk jerin lambobi da kake tarawa, in dai jimlarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya to ba shi da amfani. Haka aka koya mana tun farko, shi ya sa in aka zo darasin asimtotik, wato yadda ake ƙiyasin amsa da irin wannan jerin ko da jimlarsa ba ta tsayawa, sai ka ga mutum ya rikice.

Gaskiya ba haka abin yake ba. Ɗauki dabarar masanin lissafi Stirling ta 1730, wadda ake kintata faktoriyal da ita ta hanyar tara gaɓoɓin wani jeri ɗaya bayan ɗaya. Faktoriyal na 10, wato 1 sau 2 sau 3 har zuwa 10, shi ne 3,628,800. Gaɓar farko kaɗai ta ba ka kusan 3,598,696, kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ka ƙara gyara guda ɗaya kawai sai ka samu 3,628,685, saura 115 fa kacal! Amma wannan jerin da kake gani in ka ce sai ka tara gaɓoɓinsa duka, za su yi ta raguwa, can kuma su juya su fara girma har amsar ta lalace gaba ɗaya.

Abin da masanin lissafi Poincaré ya fayyace a 1886 ke nan: ana tsayawa ne a 'yan gaɓoɓi kaɗan, kuma ƙiyasin na ƙara kyau yayin da lambar da ka saka ke ƙara girma. Ni dai wannan wurin ne nake ganin ya kamata malamai su fi daɗewa a kai, don ɗalibi ya san inda zai yanke jerin, galibi dab da gaɓa mafi ƙanƙanta.