Oga Ba Ya Goge Komai

INJINIYA: Ranka ya daɗe, kulastar ajiyarmu, wato tarin na'urorin da ke riƙe da fayilolinmu, ta kusa ƙin karɓar sabon sinafshot, wato hoton yadda fayiloli suke a lokacin da aka ɗauka. Folda 20 muke ɗauka duk bayan minti 15, wato guda 1,920 a rana, kuma babu ɗaya da aka sa wa ranar ƙarewa.

OGA: Ni na ba da wannan umarni, kuma ina alfahari da shi, domin tun da na hau kujerar nan ko waƙafi bai taɓa ɓacewa ba.

(Yau kwanansa goma cif a kan kujerar.)

INJINIYA: Shi ya sa muka kai 19,200. Iyakar OneFS kuwa, manhajar da ke tafiyar da kulastar, 20,000 ce a kulasta ɗaya, ana kuma ba da shawarar kada folda guda ta wuce 1,024, ga namu kowace ta kai 960. Nan da awa goma za mu buga kai da bango.

OGA: To, a sayo ƙarin na'ura a jona.

MA'AJI: (wanda tun shigowarsa bai ce uffan ba, sai da ya ji kalmar saye) Yallaɓai, a daina irin wannan magana da rana tsaka. Injiniya, nawa ne kuɗin gogewa?

INJINIYA: Kyauta ne. Ƙarin na'ura ma ba zai ɗaga iyakar ba, domin ta kulastar ce gaba ɗaya.

MA'AJI: Ashe kai mutumin kirki ne. A goge duka yanzu.

OGA: Ba a zamanina ba! Idan ya zama dole, a ɗan tsinci na tsakiya, amma na farko kada wanda ya taɓa shi, domin ranar da aka naɗa ni aka ɗauke shi.

INJINIYA: Ranka ya daɗe, shi ne ya kamata ya fara tafiya. Tsohon sinafshot yana jingine ne da waɗanda suka biyo bayansa, saboda haka idan aka cire na tsakiya sai tsarin ya kwashe bayanansa ya mayar wa wanda ya girme shi, aikin ya ɗauki kusan ninki biyu na lokaci. Daga mafi tsufa ake farawa, sannan a jira aikin gogewa na tsarin, wato SnapshotDelete, ya kammala kafin sarari ya dawo.

OGA: Wato tarihina ne matsalar ofishin nan?

INJINIYA: Ban faɗa ba. Ina dai roƙon a koma ɗauka sau ɗaya a awa, na awa-awa su ƙare bayan kwana biyu, na kullum bayan wata guda, a kuma yi ajiyar ko-ta-kwana a wata na'ura dabam, tunda sinafshot yana zaune ne a kan fayafayan da asalin fayilolin suke.

OGA: Za a kafa kwamiti ya duba su ɗaya bayan ɗaya.

(Kowa ya san irin wannan kwamiti: ba ya zama sai abu ya lalace, sannan a kira injiniya da ƙarfe biyun dare a tambaye shi dalilin da ya sa bai yi magana ba.)

INJINIYA: Guda 19,200 ɗin, yallaɓai?

OGA: Shi ke nan, na amince a goge ɗaya. Amma kafin a goge shi, a ɗauki sabon sinafshot na kowace folda saboda tsaro.

MA'AJI: Shi ma kyauta ne?