Gida a kan taya: abin da direban tasha ya fi Ba'amurke sani

Tirelar da nake nufi ba irin mai dakon siminti daga Obajana ba ce. A nan Amurka akwai wata da ake ɗaurawa a bayan a-kori-kura lokacin hutu: ɗaki guda a kan taya, da gado da kicin da makewayi. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su. Maƙwabcina ya sayi sabuwa dal, ya kira ni in taya shi murna. Shi yana nuna mini firij da kujeru, ni kuwa na durƙusa ina karanta gefen taya. Har dariya ya yi mini.

A tafiyarsa ta biyu tayar tirelar ta baya ta yi bindiga. Bai ma ji ba, tunda abin yana can baya, sai da wani mai mota ya yi ta danna masa oda. Kafin ya tsaya robar ta yage ta daki ƙasan ɗakin, ta tsinka waya, ta fasa bututun ruwa. Ga wata ɓarnar da ba a gani: tayar da ke kusa da ita ta ɗauki nauyin biyu na tsawon wannan tafiya, ita ma ta ji jiki.

Masu irin wannan tirela suna da sunan da suke kiran tayoyin da ake sa mata daga masana'anta: "bam ɗin Chana". Ni ban yarda da sunan ba. Duk ɗan kasuwar Kano da ya taɓa zuwa Gwanzu ya san Chana kala-kala ce, kuɗinka ne ke zaɓa maka. Laifin na mai haɗa tirelar ne, da zai kashe kuɗi a kan labule da fitilu domin su mai saye ke gani, sannan ya sa tayar da da kyar take ɗaukar nauyin. Ka cika tankin ruwa, ka loda tukunyar gas da kayan abinci da kekunan yara, an kai maƙura. Tayoyin tirela masu alamar ST, da yawansu iyakar gudunsu mil 65 ne a awa, wajen kilomita 105, alhali a manyan titunan Indiyana doka ta yarda da mil 70. Kuma a kan waɗannan tayoyin direban haya ya ja tirelar daga masana'anta zuwa wajen dillali, ba ka san gudun da ya yi ba.

A gida mun san tayarmu 'yar Beljiyam ce, duk da gwamnati ta hana shigo da gwanjon taya. Saboda mun san haka, ba mu amince mata ba. Direban tasha ba ya barin Kano zuwa Kaduna a zafin watan Afrilu bai zagaya ya daddaki tayoyinsa ba, ya tsaya wajen mai faci a duba iska. Ba na cewa mun iya. Mai facin kan ɗura iska har taya ta yi tauri kamar dutse, direba ya loda kaya har saman mota, a ce Allah ya kiyaye hanya, kuma mun binne mutane da yawa a kan haka. Amma ko jami'an kiyaye haɗurra sun koya mana duba lambobi huɗu na gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma a wurinsu bayan shekara huɗu ta tashi aiki. Maƙwabcina, mai digiri biyu, bai taɓa jin labarin lambar ba. Kalmar "sabuwa" ta ishe shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dokar kanta. Bayan haɗurran tayoyin kamfanin Firestone a kan motocin Ford Explorer, Amurka ta yi doka a 2000, kuma tun 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota tana zuwa da na'urar da ke gargaɗi idan iskar taya ta ragu. Tirela, wadda direba ba ya jin motsinta, ba a tilasta mata ba.

Maƙwabcin nawa ya canza duk tayoyin tirelar huɗu da masu ɗaukar nauyi sama da na farko, ya sayi na'urar gargaɗin, ya kai tirelar sikelin manyan motoci aka auna ta da kayanta. Ranar Asabar da sassafe na hango shi durƙushe a gefen taya da ma'aunin iska a hannu, matarsa na cikin mota tana danna masa oda.