Ƙarar wayarka ba kai kaɗai kake jin ta ba

A makon jiya na je ta'aziyyar mahaifin wani abokin aikina a Tudun Wadan Zariya, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a sun yi tsit, malam ya ɗaga hannu yana roƙa wa mamaci gafara, sai kiɗan biki ya ɓarke a tsakiyar taron. Na bi sahun masu waige-waige ina neman mai wannan rashin ta-ido, kafin na ankara cewa daga aljihuna sautin yake fitowa. Ashe ɗan autana ne ya ɗauki wayar da daddare ya sauya mata ƙara ban sani ba. Wanda ya taɓa laluben aljihun 'yar ciki ta ƙarƙashin babbar riga cikin gaggawa ya san tsawon da daƙiƙa goma take yi. Ba wanda ya ce mini uffan a lokacin, sai da aka shafa fatiha wani dattijo ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ai da ka bari ta kai amshi." Tun ranar nake juya maganar nan a raina, domin na lura mun ɗauki zaɓen ƙarar waya tamkar zaɓen hula, alhali hula tana zaune a kan mai ita, ƙara kuwa kunnen maƙwabci take shiga ba tare da sallama ba.

Waɗanda suka riski shigowar wayar salula Nijeriya a 2001 za su tuna lokacin da duk wayoyi kusan murya ɗaya gare su. Idan Nokia 3310 ta yi kuka a cikin motar Samaru zuwa Sabon Gari, mutum uku ne za su kai hannu aljihu a tare. Wannan sanannen sautin na Nokia ma aro ne daga wani kiɗan jita da Francisco Tárrega, mutumin Sifen, ya tsara a 1902. A wayar akwai wurin da mutum zai danna lambobi ya harhaɗa nasa sautin, kuma samari sun sha kwafar lambobin nan a takarda suna ba juna kamar laƙani. Daga baya aka samu wayoyi masu memori da bulutut, sana'ar tura waƙoƙi ta buɗe a rumfunan 'yan caji, kowa ya samu damar ɗora abin da ransa yake so. A nan ne ƙarar waya ta zama hanyar sanar da jama'a ko kai wane ne: ɗan siyasa da waƙar gwaninsa, ango da waƙar amarya, ustazu da ƙira'a.

Maganar ƙira'ar nan ce ta fi damuna, kuma ina faɗin haka ne da girmama niyyar masu yi, domin na san gudun kiɗa ne ya kai yawancinsu ga hakan. Sai dai mu duba yadda abin yake gudana a zahiri. Aikin ƙarar kira shi ne a katse ta, duk wanda aka kira burinsa ya ɗaga da wuri, saboda haka ayar da aka ɗora ba za ta taɓa kai ƙarshe ba. Wani lokaci yankewar tana faɗawa inda ma'ana take juyewa, kamar a tsaya a kan "fawailun lil musallin" a Suratul Ma'un ba a kai ga ayar da ta bayyana waɗanne masallata ake nufi ba. Ga kuma umarnin da ke aya ta 204 a Suratul A'araf, cewa idan ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru, alhali mai wayar yana tsakiyar ciniki a kasuwa, ko yana gardamar ƙwallo, ko ma ya shiga makewayi da ita a aljihu. Malamai da dama a ƙasashen Musulmi sun yi hani da wannan al'ada saboda waɗannan dalilai, kuma ban ga hujjar da ta rinjayi tasu ba. Wanda yake son ƙira'a ya ware mata lokaci ya zauna ya saurara daga farkon sura zuwa ƙarshenta. Haka nan manhajojin kiran salla: a garin da ladanai suke amsa wa juna daga Ƙofar Doka har Kwarbai, ban ga amfanin wayoyi biyar su riƙa kiran salla a sahu ɗaya bayan liman ya riga ya kabbara ba, musamman da yake wasu ba su daidaita manhajar da lokacin Zariya ba.

Kada a ɗauka ina kira ne a koma wa sautin da kamfani ya saka. Wannan ma yana da nasa aibin, domin yawancinmu Tecno da Infinix da Itel muke riƙewa, dukkansu kuma na kamfanin Transsion ne, ga masu Samsung da nasu sautin guda, sai aka koma gidan jiya, waya ɗaya ta yi ƙara mutum biyar su zabura. Sauya ƙara abu ne mai kyau idan an yi shi don amfani. Abin mamaki shi ne mutumin da ya ɓata rabin sa'a yana yanko baitin waƙa bai san cewa wayarsa tana iya ba kowane mutum sautinsa na daban ba. A wayoyin Android, idan ka buɗe sunan mutum a jerin lambobinka za ka tarar da wurin zaɓa masa ƙara, da sharaɗin ka ajiye lambar a kan waya ko a asusunka na Google, domin lambar da ke kan layi ba kasafai take karɓar wannan ba. Wayoyi masu layi biyu kuma suna bari a bambanta ƙarar kowane layi, ta yadda ɗan kasuwa zai san kiran ciniki ne ko na gida tun kafin ya ciro wayar. Masu iPhone suna da irin wannan dama, illa dai shigar da sautin waje ya fi wahala a wurinsu, kuma ba a yarda ya wuce daƙiƙa arba'in ba.

Ni yanzu mutum uku ne kawai suke da sauti na musamman a wayata: Hajiya, da uwargida, da yayana da yake zaune tare da Hajiya a cikin birni. Hajiya tana fama da hawan jini, kuma duk wanda yake da tsohuwa a gida ya san yadda gaba take faɗuwa idan waya ta yi ƙara da ƙarfe biyun dare. A da nakan bar wayar a buɗe duk dare saboda ita, sai in kwana ina farkawa saboda saƙonnin zaurukan WhatsApp, wannan ya turo barka da Juma'a tun daren Alhamis, wancan ya turo hoton da aka riga aka turo sau huɗu. Mafita tana cikin wayar tun tuni, wato tsarin nan na hana damuwa mai alamar jinjirin wata ko da'ira. Kana iya saita shi ya kama aiki da kansa daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba, ya toshe komai ban da lambobin da ka yi wa alamar tauraro. Yana kuma da zaɓin barin kira ya shigo idan lamba ɗaya ta sake kira cikin minti 15 a Android, ko minti 3 a iPhone, saboda mai larura ta gaskiya ba ya kira sau ɗaya ya haƙura. Zaurukan kuwa kowanne ana iya rufe masa baki na awa takwas, ko mako guda, ko har abada, ba tare da an fita an jawo ƙorafin 'yan uwa ba.

Akwai kuma ƙananan sautukan da mai waya ya daina ji saboda sabo, amma na kusa da shi yana ji: ƙarar danna haruffa, da ta kulle fuska, da ta tura saƙo. Na taɓa jinyar wani ɗan uwa kwana huɗu a asibiti, mai jinyar gadon da ke kusa da namu yana hira a waya har tsakar dare, kowane harafi da ƙararsa kamar ana fasa gyaɗa. Kashe wannan ba ya ɗaukar minti ɗaya a sashen sauti na saitin waya. A can ne kuma mai Android zai ga cewa ƙarfin sautin kira daban yake da na bidiyo da na agogon farkawa, saboda haka rage ɗaya ba ya hana ɗayan tashi. Sautin da ban ce kowa ya kashe ba shi ne na alat, domin ban taɓa ganin wanda ya yi tsaki da jin sa ba.

Game da masallaci, takardar "a kashe waya" da ake mannawa a bango ta daɗe da zama ado. Shawarar da nake ba abokaina ita ce su haɗa sa waya a shiru da cire takalmi, hannu ɗaya ya yi duka biyun a bakin ƙofa. Jijjiga ma ba ta wadatar ba idan an ajiye wayar a kan daɓe kusa da goshin wani. Idan kuma an manta ta yi ƙara ana cikin salla, danna maɓallin rage sauti ko na gefe sau ɗaya yana sa ta yi shiru ba tare da an katse mai kira ba, kuma wannan ɗan motsi ya fi sauƙi a kan barin sahu uku suna sauraron waƙa har ta ƙare ta sake farawa.

Ɗan autan nawa dai na sauya lambar buɗe wayar, na kuma zaɓi wata gajeriyar ƙararrawa marar amshi. Da na koma addu'ar bakwai na sake haɗuwa da dattijon nan, muka gaisa, ya dubi aljihuna ya ce, "Malam, yau ba a zo da makaɗan ba?"