Mu Fice Ko Mu Zauna?

(Ɗakin taron ƙungiyar ɗalibai, kujeru sun fi mutane yawa. Shugaba na gaba, Sakatariya na gefensa da littafi. Ma'aji ya rungume jaka. Kwamared a tsaye, don ba ya iya magana a zaune. Can baya akwai Baba Dattijo, ɗalibin da ya ƙi gamawa, da wani Sabon Shiga da ya leƙo cajin waya.)

SHUGABA: Jama'a, magana ɗaya ta tara mu. Shin ƙungiyarmu ta ci gaba da zama ƙarƙashin uwar ƙungiya ta ƙasa, ko mu tattara namu ya namu mu fice?

KWAMARED: Mu fice! Ranka ya daɗe, a rufe taro.

SAKATARIYA: Kwamared, ko kwanan wata ban rubuta ba.

KWAMARED: Rubuta cewa yau ce ranar 'yanci. Duk shekara sai mu tatse aljihun talakan ɗalibi mu aika musu. Me suke aiko mana? Kalanda. Kalandar ma hotunan shugabanninsu sun cinye Janairu har zuwa Maris.

SABON SHIGA: Yallaɓai, don Allah, ita uwar ƙungiyar mece ce?

SHUGABA: Madalla da tambaya, ƙanena. Kowace makaranta da ƙungiyarta, ita kuma uwar ta haɗa mu duka. Mu biya kuɗin shekara, mu tura wakilai babban taro, mu zaɓi shugabanni, su kuma su je gaban gwamnati su yi magana da yawunmu.

KWAMARED: Yawu namu, ciki nasu.

BABA DATTIJO: (ya yi gyaran murya) Yaro yaro ne. Kai Kwamared, ka san 1978?

KWAMARED: Baba, kada dai a fara.

BABA DATTIJO: An riga an fara. A Najeriya aka ƙara wa ɗalibai kuɗin abinci da na masauki. Ƙungiyar ƙasa ta lokacin, NUNS, wadda aka kafa tun 1956, ta ce ba ta yarda ba. Segun Okeowo ne shugabanta, Kanar Ahmadu Ali ke riƙe da ilimi. A watan Afrilu jami'o'i suka tashi gaba ɗaya, kowa na kiran sai Ali ya sauka. An rasa rayuka a Legas da Zariya. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta haramta ƙungiyar, sai a 1980 aka kafa NANS a madadinta.

SABON SHIGA: Baba, da kai aka yi?

BABA DATTIJO: Ban shigo ba tukuna, amma saura kaɗan. Abin da nake so ku gane, da makaranta ɗaya ce ta yi ihu ita kaɗai, kwaɗo za a sa wa ƙofarta, kowa ya tafi gida, ko a rediyo ba za a faɗa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KWAMARED: Na yarda, Baba. To yanzu fa? Lokacin da aka ƙara mana kuɗin rajista, wa ya zo? Da ruwa ya ƙafe a ɗakunan kwana, wa ya zo? Sanarwa suka fitar a Facebook, ita ma sunan wata makarantar suka rubuta. Kuma ba kanmu farau ba. A Ingila ƙungiyarsu ta ƙasa, NUS, tun 1922 take, amma a 2016 ɗaliban jami'o'in Niyukasil da Hal suka kaɗa ƙuri'a suka fice. Sama ta faɗo?

SAKATARIYA: A shekarar dai, Okisfod da Kambirij sun kaɗa tasu suka zauna. Wannan shafin ba ka karanta ba?

KWAMARED: Data ce ta ƙare.

SHUGABA: Ni ba don kaina nake magana ba. In muka fice, ba mu da kujera a babban taro, ba mu da ƙuri'a. A yanke hukunci a kanmu muna waje muna leƙe ta taga.

SAKATARIYA: Ranka ya daɗe, in rubuta har da fostar da ka buga ta takarar mataimakin shugaban shiyya?

SHUGABA: Wannan jama'a ce ta matsa.

SAKATARIYA: Wace jama'a?

SHUGABA: Malama, ki rubuta abin da aka ce ki rubuta.

KWAMARED: Kun ji ko! Otal da alawus ɗin tafiya yake karewa!

BABA DATTIJO: Kai kuma bara da ka tsaya takara a can, ƙuri'a nawa ka samu?

KWAMARED: An yi maguɗi.

BABA DATTIJO: Nawa?

KWAMARED: Ɗaya. Ita ma sai da na yi rigima aka ƙirga ta.

SABON SHIGA: Yallaɓai, ni dai in an fice, kuɗin ƙungiya da muke biya zai ragu?

(Shiru. Kowa ya kalli Ma'aji. Ma'aji ya kalli silin.)

SAKATARIYA: Kafin nan ma, tsarin mulkinmu ya ce mu shugabanni ba mu isa mu fitar da ƙungiya ba. Sai an yi ƙuri'ar raba gardama, kuma sai adadin da doka ta ƙayyade ya fito. Dubi ɗakin nan. Mu shida ne, ɗaya caji ya kawo shi.

SABON SHIGA: Ya ma kusa cika, Anti.

SHUGABA: Ma'aji, tun ɗazu ba ka ce uffan ba, ba halinka ba ne in ana maganar kuɗi. Nawa muka tura musu bana?

MA'AJI: Bana, ranka ya daɗe? Bana shekara ce mai wuya.

SHUGABA: Bara fa?

MA'AJI: Bara ta fi bana wuya.

KWAMARED: Malam, buɗe jakar nan.

MA'AJI: (ya zaro wata ambulan da ta sha ninki) Dama akwai wasiƙa. Na ajiye ta ne don kada hankalin jama'a ya tashi lokacin jarrabawa.

SAKATARIYA: Wace jarrabawa?

MA'AJI: Ta zangon da ya wuce. Da wanda ya wuce kafinsa.

SAKATARIYA: (ta karɓa ta karanta) Suna sanar da mu cewa tun da shekara uku ba mu biya ko sisi ba, an dakatar da mu, an cire sunanmu daga rajista.

SHUGABA: Innalillahi! Fostata!

BABA DATTIJO: Ina kuɗin suka shiga, ɗan nan?

MA'AJI: Komai a rubuce yake, Baba. Kashi ɗaya kuɗin motar Shugaba zuwa babban taro. Ragowar Kwamared ya karɓa ya buga kyallayen zanga-zangar “Ba Za Mu Ƙara Biya Ba”.

KWAMARED: Dakata. Mu suka kora? Mu?

SAKATARIYA: Ai abin da kake nema ke nan. An hutar da kai ƙuri'a.

KWAMARED: Wallahi ba su isa ba! Wane ne su da za su kore mu? Mu za mu fita da ƙafarmu, da rana tsaka, gaban 'yan jarida! Ranka ya daɗe, ina gabatar da ƙudiri: a biya bashin shekara ukun nan yau, a mayar da sunanmu, sannan mu fice.

SHUGABA: Na goyi bayan rabin farko.

BABA DATTIJO: Ku yi a hankali, ina nan har ku gama.

MA'AJI: Sai dai asusu ba kowa. Sai an yi karo-karo, a fara da wanda ke kusa da ƙofa.

SABON SHIGA: (ya zare caja) Anti, kada ki rubuta sunana. Ni ɗakin karatu nake nema.