Wadda ta goge jinin ce ta ce mana mun gode

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Tun shekaranjiya abin nan ke cina a rai, na ce bari dai in amayar da shi ko na samu sauƙi.

Ina wata unguwa a gefen Manila, ƙasar Filifin, mijin ƙanwata karatu yake a nan, ni aka turo zaman jego. Naƙuda ta tashi wajen ƙarfe ɗayan dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka shiga keke mai ƙafa uku zuwa wani ɗan ƙaramin gidan haihuwa irin wanda suke ce wa paanakan, gadaje kaɗan ne, babu likita a zaune sai ungozomomi, in abu ya gagara su tura babban asibiti.

Su uku muka tarar. Abin da na fara lura da shi, duk wadda aka miƙa wa wani abu sai ta ce salamat po, wato na gode, po ɗin kuma kalmar girmamawa ce. Safar hannu, salamat po. Auduga, salamat po. Ƙaramar cikinsu ba ta kiran babbar sai da Ate, kamar mu ce Yaya. Da farko har dariya abin ya ba ni, na ce a raina waɗannan ba sa gajiya da godiya ne, ai aikinku ne. Wuta ta ɗauke, ɗaya ta haska fitilar waya, ɗayar ta yago kwali tana yi wa ƙanwata fifita, can ta juya ta fifita wa abokiyar aikinta da ke durƙushe gumi na zuba mata a ido, ta sa gefen tawul ta share mata goshi don hannuwanta ba su da sarari. A kan tebur akwai ɗan burodinsu pandesal guda biyu an rufe da faranti, ashe an ajiye wa wadda ba ta ci komai ba tun yamma.

Da yarinya ta faɗo suka kwantar da ita a ƙirjin uwarta fata da fata, ba a yi gaggawar wanka ba, ba a yi gaggawar yanke cibiya ba. Unang Yakap suke ce masa, rungumar farko, tsari ne da ma'aikatar lafiyarsu ta fito da shi tun 2009. Da uban ya shigo zai yi mata kiran salla a kunne duk suka yi shiru suka ja baya, ɗaya ta jawo zani ta rufe wa mai jego ƙafafu ba wanda ya ce mata ta yi. Ba musulmai ba ne fa.

To ni me nake yi a lokacin? Waya. Ina tura hoto gida, ina amsa barka, na gode Hajiya, na gode Anti, na gode wa mutanen da suke kwance a kan gadonsu a Kano ba abin da suka yi sai danna waya. Ƙaramar nan tana durƙushe tana goge jini a ƙasa, wallahi da hannu na yi mata alama ta matsa don ta shigo mini cikin hoto. Ta matsa. Da safe ta kawo romon kifi da ganyen malunggay, na leƙa kwano ashe zogalenmu ne, ta ce yana kawo ruwan nono, ta ƙara da cewa babu alade a ciki. Muna fita ita ce ta bi mu har bakin ƙofa tana salamat po. Ita ke mana godiya! Sai da muka iso gida na tuna ko sannu ban ce mata ba.

Innalillahi. Haihuwata uku, in kin tambaye ni atamfar da na ɗaura ranar kowane suna zan faɗa miki har kuɗinta, amma fuskar matar da ta karɓi Babangida ba zan iya kawo ta ba. Ranar suna mai hoto ya samu, mai kiɗa ya samu, maroƙiya ta samu. Iyayenmu ma ba haka suka yi ba, ana ware wa ungozoma rabonta na naman suna a kai mata har gida, mu ne muka waye muka yar.

Na san me za ki ce, ai biyanta ake yi, kuma wasu ma'aikatan akwai tsawa da wulaƙanci. Akwai, ni ma an taɓa yi mini. Amma ke da kika haɗu da ta kirki, kin koma kin ce mata Allah ya saka? Mun iya yaɗa labarin wadda ta daka mana tsawa shekara goma, wadda ta kwana a tsaye a kanmu kuwa shiru. Kuma duk mun haddace hadisin, wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, a Islamiyya muka bar shi.

Yarinyar da ke miki wanke-wanke fa? Maƙwabciyar da ta riƙe miki goyo kika je awo? Uwar mijin da ta dama miki kunun kanwa kwana arba'in, kishiyar da ta karɓi girkinki kina kwance? Kin ce ai dolensu ne. Haba 'yar uwa, haba.

Dan Allah ki kira mutum ɗaya yau, yau ɗin nan kafin ki kwanta, ki ce na gode da abu kaza, ki ambaci abun. Ni gobe in sha Allah za mu koma a duba cibiyar yarinya, na sayi pandesal na roƙi mijin ƙanwata ya koya mini yadda ake cewa na gode ƙwarai, maraming salamat po, tun ɗazu nake maimaitawa kar harshena ya harɗe a gabanta.