Metir Jikan Tafinta

Ranar Alhamis ce, kasuwar Dole ta cika. Jauro ya sayar da bijimi, ya biyo ta Zango ya faɗa biron Metir, sanda a kafaɗa. An ɗauke wuta, Metir na fifita da tsohon dosiye, baƙar rigarsa ta kotu tana rataye a ƙusa.

Jauro: Salamu alaikum. Nan ne wajen mai sayar da magana?

Metir: Lauya ake cewa, Ɗan Fulani. Buɗe dosiye jika goma.

Jauro: Aradu ko zama ban yi ba! Tsaya, Babarbare, ko karsana sai an tambayi uwarta kafin a saya. Ɗan wa ne kai?

Metir: Madalla da tambaya. Uban kakana shi ke tsaron ƙofa lokacin da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa. Ayarin Agadas, fataken Kano, duk ta gabansa suke wucewa.

Jauro: Mai shiga ya biya, mai fita ya biya.

Metir: Tsari ke nan. Sai kakana. Da Nasara suka ci yaƙin Tirmini a 1899 suka zauna Damagaram, shi ya zama tafintan kumandan. Ka san nan ne babban birnin ƙasar nan har 1926, kafin a kwashe a kai Yamai. Kumandan ya yi magana ɗaya, kaka ya maishe ta uku.

Jauro: Sauran biyun na wa?

Metir: Ladan fassara. In kumandan ya ce a kawo kaza, kafin maganar ta iso kunnen mai gari ta yi ƙaho. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Har gona ya samu hanyar Mirya, wajen tsamiya biyu, tana hannuna yanzu.

Jauro: Tsamiya biyu. To. Baban naka fa?

Metir: Tebur gare shi bakin kotu, ƙarƙashin dogon yaro, da keken rubutu wanda harafi ɗaya ya ɓalle masa. Da safe ya rubuta wa mai ƙara, da hantsi ya rubuta wa wanda ake ƙara, kowa ya tafi yana sa masa albarka. Da kuɗin ya kai ni lakwal, har Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Yanzu ko kotun ɗaukaka ƙara ta nan Zinder, in na miƙe sai an gyara zama.

Jauro: Gidanku dai ba wanda ya taɓa riƙe hauya.

Metir: Allah ya kiyaye. Me ke tafe da kai?

Jauro ya kwance lalita, ya ƙirga jika goma sau biyu yana lasar yatsa, ya ajiye.

Jauro: Shanu ne suka bi hanyar da ubana ya bi, da kakana. Sai ga hatsi a tsakiyar burtali. Ba su iya karatu ba, suka ci.

Metir: A burtali? Ai ka ci shari'a tun ba a zauna ba! Dokar karkara ta 1993 na nan, ga ta makiyaya ta 2010. Burtali na ƙasa ne, ba ya sayuwa, ba ya gaduwa. Wanda ya shuka a ciki ya yi wa shanu sadaka.

Jauro: Ko ya ce gadon kakansa ne?

Metir: Ko kakan Tanimu ne! Sai dai ba a fara da kotu, wajen mai gari za ku je a nemi sulhu, in ya faskara a zo gaban alƙali. Can zan yi kaca-kaca da shi.

Jauro: Rubuta mini, kaina ba ya riƙe doka.

Metir ya rubuta, ya sa hannu, ya hura wa hatimi iska ya danna. Jauro ya ninke takardar ya cusa cikin hula.

Metir: Wane ne mai gonar?

Jauro: Wani jikan tafinta ne. Hanyar Mirya, tsamiya biyu.

Metir: Inna lillahi! Hatsina? Duka?

Jauro: Sun bar maka kara.

Metir: Dakata, Jauro, ɗan'uwana. Doka tana da fassara. Da dare suka shiga ko da rana? Kawo takardar in gyara wani harafi.

Jauro: Haka kakanka ya ce wa kakana. Bijimi ya ba shi don ya gaya wa kumandan hanyar shanu ce, kafin maganar ta fito daga bakin kumandan ta zama gonarku.

Metir: Ina shaida?

Jauro: Kai mana. Tun ɗazu kake ba ni labari ban roƙe ka ba.

Metir: To a gaban mai gari wa zai tsaya mini?

Jauro: Ni. Jika ashirin, ka kawo butarka da ruwa, ka san halin Damagaram.